An Tsare Kan Sarki

Ranar Litinin, daga ɗakin baya

Zuwa ga 'yata Mai Wawulo,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da maigidanki, da yara. Ina fata takardar nan ta iske ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin kowa ya ga hadari. Maiɗakina Inna Tela tana gaishe ki. Har yanzu tana kan keken ɗinkinta, zaren ne dai sai na zura mata.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne Kawu Masinja, ɗan ƙanen kakarki ta wajen uwa, mai keke da jakar fata. Rabona da ke tun kina 'yar shekara shida, haƙoranki na gaba sun fita, kina bin kekena kina tambayar me ke cikin jaka. Sunan da na laƙaba miki ranar shi na rubuta a sama, ki yi haƙuri. Adireshinki na samo a bayan wani ambulan cikin kayan marigayiya mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. An kuma ce mini kina aiki a babban siton da kayan ƙasashen waje ke sauka, daf da 'yan kwastan. Ba zan yi miki ƙarya ba, buƙata ce ta tuna mini zumunci, kuma na ji kunyar hakan.

Tun da na ajiye aiki, shekara tara ke nan, sana'ata sayar da tsohon kan sarki ta intanet. Yi dariyarki, tsoho da waya. Ni kaina har gobe mamaki nake yi. Ina zaune a ɗakin nan, tebur ɗaya, fitila ɗaya, in ɗauki hoto in sa a shafina, kafin shayina ya huce wani mutum a bayan teku ya ce yana so. Yawanci a gidajen da aka yi rasuwa nake samunsu, magada sun jibge su a akwati ba su san darajarsu ba. Wasu sai na jiƙa su da ruwan ɗumi kafin su saki inda suke manne. Akwai waɗanda suka haura shekara ɗari, amma in kin ɗora gilashin ƙara girma sai ki ƙirga gashin gemun mutum ɗaya bayan ɗaya. Hannun ɗan Adam ne ya yi wannan, 'yata. 

Da can ƙaramin saƙo wucewarsa yake yi, ba mai tambayarsa. Bana aka wayi gari ƙasarku ta ce komai ƙanƙantar saƙo sai an biya masa kuɗin fito, sai kuma an cika fom an faɗi abin da ke ciki. Ni da na san kuɗin fito a bakin kogi, ka ba mai jirgi ya tsallakar da kai, yau ga shi ana karɓa ba kogi ba jirgi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne tsawon hannun. Wani ya sa hannu a takarda a ofishin da ban taɓa gani ba, sai ga maƙwabcina Mai Kwabo, mai sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe, ya rufe shafinsa ya koma yankan makulli a bakin titi. Masu saye sun ga kuɗin fito da na ɗawainiya sun fi kuɗin kayan, sun ja da baya. Nawa masu sayen saura biyu.

Ɗaya daga cikinsu wata tsohuwa ce a ƙasarku, Iya nake ce mata. Shekara tara tana saye a wurina, kullum da tambaya ɗaya: ko na taɓa cin karo da kan wani sarki mai tabo a ƙarƙashin kunnen hagu? Watan jiya na same shi. Ɗan tabo ne kamar ƙwayar yashi, wayata ma ba ta iya fito da shi a hoto ba. Har haƙuri na ba ta saboda aibin. Ta amsa da cewa in aiko shi a ranar. Na cika fom ɗin da Hausa, wayar ta fassara mini kamar yadda take yi mini da masu saye, na aika.

An tsare shi a wurinku. Saƙon da ya zo mini ya ce kwana sittin, in ba a warware ba za a ƙwace a lalata. Yau kwana shida. Ban san laifina ba.

Shekara talatin da biyar na yi ina raba wasiƙu, ko guda ba ta salwanta a hannuna ba. Iya ta haura tamanin, kuma ta ce idonta ya fara dushewa. Ba na so saƙon farko da zai ɓace da sunana ya zama nata. Ga lambar saƙon da lambar wayata a ƙasa. Ki taimaki kawunki ki leƙa mini.

Naki,
Kawu Masinja

*

Ranar Alhamis, lokacin hutun rana

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Tela. Mu ma lafiya, ƙaramin ne ya yi mura amma ya warware. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Na tuna ka sarai, na tuna ƙararrawar kekenka da ƙamshin jakar nan. Haƙoran sun fito tuni, amma ban ji haushin sunan ba, ba wanda ya rage a duniya da zai kira ni da shi.

Kawu, da za ka ga inda nake aiki da ka riƙe baki. Daga wannan bango zuwa wancan sai mun hau 'yar mota. Tsuntsaye suna shigowa su yi sheƙa a rufin, ina jin ba su san cikin ɗaki suke ba. Bel mai jan kaya yana gudu sama da kanmu hawa uku, kwalaye suna bin juna kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama, kowanne ya zo mararraba sai ya juya da kansa, ba hannun kowa. Akwai na'urar da ke ganin cikin kwali ba tare da an buɗe ba. Shekarata bakwai a nan, amma duk safiya in na shigo sai tsigar jikina ta tashi. Tun da aka sa sabon harajin kuma, kejin kayan da aka tsare ya cika ya batse: 'yan tsana, tsofaffin agogo, katunan wasa, kayan ƙananan masu sayarwa irinka, masu saye sun ƙi biya sun bar su.

Na buga lambar da ka ba ni. Allon ya yi ja. Ga abin da na gani an rubuta da harshen nan, na mayar maka da shi Hausa: kan wani sarki, guda ɗaya, tsoho, mai tabo a ƙarƙashin kunne. An sa shi a layin kayan tarihi da ake zargin an yi fasa-ƙwaurinsu. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba, na rufe.

Da na koma gida na sake karanta wasiƙarka sau uku. Gidajen da aka yi rasuwa. Sai ka jiƙa su kafin su saki inda suke manne. Ana ƙirga gashin gemu. Kawu, don Allah, na tagulla ne? Na itace ne? Akwai tambaya ta uku da na kasa rubutawa.

Bara an kama wasu kawunan tagulla da aka sato daga wani wuri. Wata abokiyar aikina, kwalin kawai ta ɗauke daga wannan kanta zuwa waccan saboda wani ya roƙe ta, ta rasa aikinta da takardun zamanta. Ina da yara biyu. Duk lambar da muka buga, na'ura tana riƙe da sunan wanda ya buga ta. Kwana uku ke nan in shugaban sashenmu ya dube ni sai in sunkuyar da kai.

Na yaga wasiƙarka na zubar, har da lambar wayar. Ka gafarce ni. Mama takan ce a duk danginmu ba mai amana irinka, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ko talauci ne ya kai ka, ko wasu ne suka yaudare ka, ka fita daga cikin sana'ar nan. In gaisuwa ce ƙofata a buɗe take, amma kada ka sake rubuto mini a kan wannan kan.

'Yarka

*

Ranar Laraba, kwana na talatin da shida

'Yata Mai Wawulo,

Muna lafiya, Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Inna Tela ce dai ta soke yatsanta da allura, kuma ke ce sanadi. Na karanta mata wasiƙarki, da na zo kan tambaya ta uku sai da ta sauko daga kan keke ta zauna a ƙasa, tana dariya tana share hawaye. Yanzu in na shigo da akwati sai ta ce, “Malam, yau kan wa ka yanko?” Ni ma na yi dariya. Da dariyar ta lafa kuma sai abin ya yi mini ciwo, don ban taɓa zaton jinina zai ɗauke ni mai tonon kabari ba.

Ajiye takardar nan. Ɗauki ambulan ɗin da ta zo a ciki. Dubi kusurwar dama ta sama. Kin ga 'yar takardar nan mai haƙora a gefe, mai hoton tsuntsu, wadda hatimi ya taka? To, wannan shi ne kan sarki.

Da can hoton kan mai mulki ake bugawa a jiki, sai sunan ya zauna. Yau ko tsuntsu ne, ko jirgi, ko fure, kan sarki muke cewa. Shi ake jiƙawa ya saki tsohon ambulan. Shi magada ke jibgewa a akwati tare da wasiƙun mamaci. Na duba ambulan ɗinki na ga babu shi, wata farar takarda ce mai layi-layi da na'ura ta tofo. Sai na yi lissafi, ashe kin girma, kin yi aure, kin haihu, ba ki taɓa lasar bayan kan sarki ba. Ba laifinki ba ne. Ni ne na rubuta miki kamar duniya tana nan inda na bar ta.

Amma kin yi mini babban aiki ba ki sani ba, don ke kika nuna mini laifina. Shekara tara ban taɓa rubuta sunan abin da nake sayarwa ba. A shafina hoto nake sawa da shekara, masu saye sun san abinsu. Sai da fom ɗin nan na kuɗin fito ya zo aka ce in faɗi abin da ke ciki, na faɗa da Hausa, wayar ta ɗauki kai daban, sarki daban, ta miƙa wa 'yan kwastan. Ashe ke da wayata makaranta ɗaya kuka yi.

Na sake shiga fom ɗin in gyara, ya ce an kulle, sai wanda ke can ya nemi a buɗe saƙon a gaban jami'i. Iya ba ta iya tafiya mai nisa, saƙonninta ma maƙwabciyarta ke buga mata. Ba na roƙon ki ki ɗauke komai daga ko'ina, kada ki taɓa abin da zai taɓa abincin yaranki. Ki je gaba-gaɗi ki ce musu su buɗe, shi ke nan. In kin ga ko wannan zai jawo miki, ki bari, ba zan riƙe ki a zuci ba.

In za su buɗe, ki ce da hantsaki ake ɗauka, ban da yatsa. Haƙoransa duka suna nan, na ƙirga. In ɗaya ya karye ya zama mai wawulo, kuma ba irin naki ba ne da ke sake fitowa. Ga lambar saƙon na sake rubutawa.

Kawunki, wanda bai taɓa yanka ko kaza da hannunsa ba,
Masinja

*

Ranar Juma'a, kwana na hamsin da tara

'Yata,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Kullum da safe nakan buga lambar saƙon, kullum ta ce yana tsare. Yau ta canja. Kalma ɗaya ce da harshenku, wayar ta fassara mini: an share shi.

Ko kwana ɗayan da ya rage ba su jira ba. Na daɗe a zaune ina kallon kalmar. Abin da ya tsallake shekara tamanin da wani abu, ya tsallake gara da damina da hannun magada, ya zo ya ƙare a hannuna saboda ban iya faɗin sunansa ba.

Na rubuta wa Iya na ce ta yafe mini, ban jira amsa ba na rufe shafin. Ba zan iya karanta abin da za ta ce ba. Mai Kwabo ya ce akwai wuri a bencinsa, in zo in riƙa miƙa masa makullai. Inna Tela ta daina tsokanata, wannan ma ya fi tsokanar ciwo. Akwatunan suna nan a ƙarƙashin tebur, na rufe su da tsohon zane.

Ba don in ɗora miki nauyi na rubuto ba. Na ga ya kamata ki san kin huta, ba sauran abin da zai taɓa aikinki. Ki shafa mini kan yara.

Kawu

*

Ranar Lahadi, a cikin jirgin ƙasa

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna Tela da yatsanta. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, jirgi ne ke girgiza ni, kuma ba zan iya jira in isa gida ba. Na nemi lambar wayarka a wasiƙarka ta biyu, ba ka sake sawa ba, ni kuma ka san abin da na yi da ta farko.

Wasiƙar ta yi kwana goma sha bakwai a hanya. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Da na juya ambulan na ga tsuntsun, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigidana ya tambaye ni lafiya, na ce masa na yi wa kawuna ƙazafin yankan kai. Ka yafe mini, Kawu. Da na karanta layi ɗaya kacal a ƙasan jan rubutun nan da na ga nauyin saƙon, giram goma sha takwas.

Washegari na je wurin shugaban sashenmu na faɗa masa komai, har da cewa ni na buga lambar. Ya yi mini faɗa, ya rubuta a fayil ɗina, sannan ya raka ni wurin jami'ar kwastan, wata doguwa mai tabarau da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ta ce abin da ya ƙara musu zargi shi ne fom ya ce kai, na'ura ta ga takarda. Dokarsu kuma ba a buɗe kayan tarihi sai masani yana wurin, shi kuma layinsa ya kai wata uku. Kwana biyar ina sintiri a ƙofarta da ambulan ɗinka a hannu ina nuna mata tsuntsu. Ranar Alhamis, saura kwana biyu, masanin ya zo wani aiki, ta jawo shi.

Kawu, da ka ga shirin da aka yi wa sarkinka! Ɗakin gilashi, fitila mai haske, farin safar hannu, har da akwati mai katifa a ciki wanda za a kwantar da kan. Sai aka kawo ɗan ambulan ɗinka a kan faranti. Masanin ya yanka bakin ambulan ɗin, ya zaro kwali biyun da ka haɗa, ya buɗe.  Na ce da hantsaki ake ɗauka, ya dube ni ya ce ashe na san aikin. Ya ɗora gilashi ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya miƙa wa jami'ar, ita ma ta daɗe. Da ta ɗago na ga haƙoranta. Ni ce ta ƙarshe. Gaskiyarka, ana ƙirga gashin gemun. A wurin da kwali dubu ɗari ke wucewa kullum ba mai ɗaga kai, mu uku mun tsaya a kan abin da bai kai faɗin babban yatsana ba.

An gyara masa layi ranar Juma'a. Kuɗin fiton ɗan kaɗan ne, na ɗawainiyar ne ya ninka shi, na biya, kuma kada ka ta da maganar. Na kira lambar da ke jikin saƙon, maƙwabciyar Iya ta ɗauka, Iya ta yarda in karɓa a madadinta. Yau ba ni da aiki, na hau jirgi awa uku na kai mata da hannuna.

Ɗakinta ɗaya ne da kicin, a hawa na biyu. Kujera a bakin taga, bargo a gwiwa, wani katon littafi a kan tebur. Duk abin da ka taɓa aiko mata yana ciki, ambulan ɗinka ma ba ta yar da ko ɗaya ba, ta ɗaure su da zare. A shafin farko akwai gurbi ɗaya da ba komai. Da na ce ni 'yarka ce sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Ga abin da ba ta taɓa gaya maka ba. Mahaifinta shi ne ya sassaƙa farantin ƙarfen da aka buga wannan kan sarkin da shi. A makon da aka haife ta yake ƙarasa aikin, murna ta ɗebe shi, ya ɓoye harafin farko na sunanta a ƙarƙashin kunnen sarki. Ba a yi kwana goma ba aka gano. Aka janye waɗanda aka buga aka ƙone, aka kore shi, bai sake riƙe abin sassaƙa ba. Ya rasu tana 'yar shekara biyar, ko muryarsa ba ta tuna ba. Sai da mahaifiyarta ta zo gargara ta ba ta labarin, ta ce akwai akwati ɗaya da jirgin ruwa ya riga ya tafi da shi wata ƙasa mai nisa. Shekara arba'in tana nema. Ta ce ta daina faɗa wa masu sayarwa dalili, don wasu sun mayar da ita mahaukaciya, wasu kuma sun zana tabo da alƙalami sun aiko mata.

Na ajiye mata kan sarkin, na ɗora gilashinta a kai. Ta kai ido, ta matsar, ta karkata wajen taga, ta sake gwadawa. Sai ta ajiye ta ce, “'Yata, na makara. Inuwa kawai nake gani.”

Ban san lokacin da na fito da wayata ba. Na ɗora ta a kan gilashin na ɗauki hoto, na yi ta buɗa shi da yatsu biyu. Kunnen ya cika allon, na ƙara buɗawa, kunnen ya fita, saura tabon. Kawu, ba tabo ba ne. Harafi ne, da 'yar lanƙwasarsa da 'yar jelarsa, tsaf kamar yau aka rubuta. Na ƙara haske na miƙa mata, ya kai faɗin tafin hannu.

Ta gan shi. Ta ɗora yatsa tana bin lanƙwasar, ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ba ta yi kuka ba, ni da maƙwabciyar ne muka yi. Can ta ce a hankali, “Na samu, Baba.” Ta kuma ce in gaya maka, a duk masu sayarwar da ta sani, kai kaɗai ka taɓa ba ta haƙuri saboda aibin kaya.

A tashar jirgi na nemi inda ake sayar da kan sarki na gaske. Na lasa, ba daɗi. Ka duba ko na liƙa daidai. Lambar wayata tana ƙasa.

'Yarka,
Mai Wawulo

*

Ranar Asabar, daga ɗakin baya

'Yata Mai Wawulo,

Lafiya lau muke, gwiwar ma yau ban ji ta ba. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki yaranki, ya tsare miki aikinki. Na yafe, tun ranar tsuntsu na yafe. Akwai wata wasiƙata ta ranar Juma'a da ta saɓa da taki a hanya. In ta iso ki yaga ta, na san kin iya. Wayata ce ta sake yi mini, ta ce an share shi, ashe hanya aka share masa. Mako biyu ina makokin abin da ke zaune lafiya a shafin farko.

Kan sarkinki a kife kika liƙa shi, amma ya iso, kuma ba zan jiƙa shi ba. Yana nan a jikin ambulansa.

Sau huɗu na karanta wa Inna Tela wurin yatsu biyun nan, duk sau huɗun sai na tsaya a tsakiya. Kwanaki abin nan yana kan teburina, ina duba shi da gilashi safe da yamma, ina jin haushin tabon. Shekara talatin da biyar ina kallon kan sarki a matsayin kuɗin hanya, wasiƙar tana ciki. Ban taɓa sanin akwai wanda ya rubuta tasa a jikin kan sarkin ba. Uba ya aika wa 'yarsa harafi ɗaya, ya yi shekara tamanin da wani abu a hanya, kuma cikin duk masinjojin duniya ta jakata ya biyo. Ni na ɗauko, ke kika ƙwanƙwasa ƙofa. In na tuna sai in ji kaina ya yi mini girma, sai kuma in ji na zama ɗan mitsitsi.

Kuɗin fito yana nan, bai san an yi ba. Mai Kwabo yana bencinsa, masu sayena ba su dawo ba, ban sani ba ko sana'ar za ta kai baɗi. Amma na buɗe shafin jiya. A fom yanzu ina rubuta 'yar takardar da ake liƙa wa wasiƙa, in sa wayar ta mayar mini da Hausa in ga abin da ta ce kafin in aika.

Zan kira ki gobe in ji muryar yara. Yanzu ki bar ni, na yaye zanen, na jawo akwatunan gaba ɗaya. Inna Tela tana ta kira abinci ya huce, na ce ta rufe. Guda dubu shida ne, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya da gilashi, ina duba ƙarƙashin kowane kunne, ko akwai wata wasiƙar da har yanzu ba a kai wa mai ita ba.

Naki,
Kawu Masinja